Hali: Zanen Dutse Ne Ko Gilashi?

Mu Hausawa mun ce hali zanen dutse. Mukan faɗi haka idan mun gaji da mutum: uwa ta yi wa ɗanta faɗa har muryarta ta dushe, mata ta koma ɗakinta bayan biko ta tarar da abin da ya kore ta yana nan, an sasanta maƙwabta da hantsi kafin la'asar ɗayan ya tayar da sabuwar rigima. Karin maganar tana sauke wa mai faɗinta nauyi. Tunda a dutse aka zana, ba laifina ba ne in na daina gogewa. Sai dai hukuncin da ta yanke wa ɗan Adam babba ne, kuma ya daɗe yana damuna, ni da aka koya wa tun ina riƙe da allo cewa ƙofar tuba a buɗe take har ran gargarar mutuwa. In hali ba ya sauyawa, wa'azi na mene ne? In kuwa yana sauyawa, me ya sa idanunmu suke ta ba mu shaidar akasin haka?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi jayayya a cikin Ihya'u da masu cewa ɗabi'a kamar surar jiki take, dogo ba ya komawa gajere. Hujjarsa ita ce da haka ne, da wasiyya da horo sun zama aikin banza, alhali shaho da doki da kare ma ana horar da su. Na yarda da shi. Abin da ya rage mini shi ne bayanin taurin da muke gani da idonmu, domin taurin nan gaskiya ne, ba mafarki muke yi ba. Aikina koyar da fiziks, kuma a can na samu hanyar tunani da ta taimake ni, a binciken da ake yi kan yadda abu mai gudana yake tsayawa cik ba tare da ya kai inda ya kamata ya huta ba. Ba ina nufin ɗakin gwaji zai tabbatar da aya ko hadisi ba ne. Wahayi ba ya jiran sa hannun kowa. Amma an umarce mu da duba halitta, kuma wanda ya duba da kyau yakan dawo da tambayarsa a gyare.

A 1888, a birnin Firag, wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya mai suna Friedrich Reinitzer ya ɗora wani sinadari dangin kolestarol a wuta, ya ga abin da bai saba gani ba. Da zafi ya kai digiri 145.5 sai ya narke ya zama ruwa mai duhu-duhu. Da ya kai 178.5 sai ruwan ya washe tas. Narkewa biyu ga abu guda. Ya rubuta wa Otto Lehmann, masanin fiziks a Jamus, wanda ya duba ruwan mai duhun a madubin ƙara girma, ya tarar yana sarrafa haske yadda kiristal ke yi, alhali ana iya zuba shi daga kwalba. Daga nan aka san akwai wani hali tsakanin ruwa da daskararren abu, wato kiristal mai gudana. Shi ne a shimfiɗe tsakanin gilasai biyu a fuskar kalkuleta da agogon hannu da talabijin da wayoyi masu yawa, musamman tun bayan da George Gray da abokan aikinsa a Jami'ar Hull ta Ingila suka haɗa, a farkon shekarun 1970, nau'in da ke aiki a zafin ɗaki ba tare da ya lalace ba.

Sirrin yana cikin siffar ƙwayoyinsa, waɗanda masana ke kira molekul. Dogaye ne kamar 'yan sanduna. Ka tuna filin Idi da safe. Da farko jama'a na ta shigowa, kowa na tafiya yana neman wuri, amma fuskokin duka sun karkata gabas: akwai alƙibla ɗaya, babu sahu. Wannan shi ne halin da Georges Friedel na Faransa ya raɗa wa suna nematik a 1922. Can sai sahu ya fara ɗauruwa, mutum na iya matsawa dama ko hagu a cikin layinsa amma layin na nan: wannan shi ne simektik. Da a ce an shata wa kowa gurbinsa da alli ba ya gusawa, da ya zama cikakken kiristal. To sai ka ƙaddara filin ya cika maƙil tun sahu bai gama daidaituwa ba. Mai son ya gyara tsayuwa ba shi da ikon yi sai na kusa da shi ya ɗan ja, shi kuma na kusan sai nasa na kusan ya ja. Motsi ya daina zama na mutum ɗaya, ya koma na tawaga. In cunkoson ya ƙaru, kowa sai ya tsaya a inda ya samu kansa, karkatacce ko miƙaƙƙe.

Wannan tsayuwar ita ce gilashi. A wurin masana, gilashi ba na taga kaɗai ba ne. Alewar sukari da yara ke tsotsa gilashi ce, robobi da yawa masu tauri ma haka. Ruwa ne da aka sanyaya shi da sauri har ya wuce lokacin da ya kamata ƙwayoyinsa su jeru, sai ya yi ta yin kauri. A ruwa irin na sha, ƙwaya kan sauya maƙwabta a cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. A dab da zama gilashi, sauyin nan kan ci daƙiƙa 100. Ninki tiriliyan ɗari ke nan, amma in aka haska abin da hasken eksire, jerin ƙwayoyin kusan yadda yake a ruwa haka yake a gilashi. Ba wani abu da ya ginu, motsi ne kawai ya ja baya. A farkon shekarun 1970, Michio Sorai da Syuzo Seki a Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna cewa kiristal mai gudana shi ma yana shiga wannan hali, kuma yakan daskare ne da fuskantar da yake da ita a lokacin. Dalilin wannan jinkiri mai tsanani har yau ana muhawara a kansa. Philip Anderson, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1977, ya rubuta a 1995 cewa a ganinsa wannan ce matsala mafi zurfi da ba a warware ba a ilimin daskararrun abubuwa.

Abu na farko da ya ja hankalina shi ne iyakar da ke tsakanin ruwa da gilashi ba a jikin abin take ba. Ƙanƙara tana narkewa a digiri sifili, ko kana kallo ko ba ka kallo. Amma daƙiƙa 100 ɗin nan yarjejeniya ce ta masu bincike, an yanka ta daidai da haƙurin mutumin da ke zaune gaban na'ura. In ka sanyaya abu a hankali, sai ya zama gilashi a ƙasa da inda zai zama in ka gaggauta. A Jami'ar Kwinslan da ke Birisben a Ostireliya, Thomas Parnell ya zuba kwalta a mazurari a 1927, ya bar ta ta zauna, ya yanke bakin mazurarin a 1930. Kwaltar nan in ka buga mata guduma tarwatsewa take yi. Amma ɗigo na farko ya faɗo a 1938, na tara a 2014. John Mainstone ya kula da ita tun daga 1961 har ya rasu a 2013, kuma bai taɓa ganin faɗowar ɗigo da idonsa ba. Mai guduma zai rantse dutse ce. Mai shekara tamanin na haƙuri zai rantse ruwa ce. Dukansu sun faɗi abin da suka gani.

Wani masani mai suna Markus Reiner ya mayar da wannan ya zama lissafi a 1964: a raba lokacin da abu ke buƙata ya sake zama da lokacin da mai kallo ya yi yana kallo. In amsar babba ce, abin daskararre ne a idonsa, in ƙarama ce, ruwa ne. Ya sa wa lissafin sunan Debora, daga wani wuri a littafin Alƙalai na Tsohon Alkawari inda aka ambaci duwatsu suna kwarara a gaban Ubangiji, yana nufin a gaban Allah suke kwarara, ba a gaban mutum mai gajeren kwana ba. A Suratun Namli ma akwai ayar da ta yi maganar duwatsun da mai kallo ke zaton a kafe suke alhali wucewa suke yi. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce ranar Alƙiyama ake nufi, kuma ba ni da hurumin janyo ayar zuwa ɗakin gwaji. Darasin da na ɗauka a nan na ladabi ne: kalmar "ba ya motsi" tana ba da labarin mai kallo kamar yadda take ba da labarin abin kallo.

Malaman tauhidinmu sun riga mu zuwa bakin wannan rijiya. Duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan a zaure ya san hujjar farko da ake kafawa a kan cewa duniya fararriya ce: kowane jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su biyun kuma masu zuwa ne masu gushewa, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne. Tun kafin shi, Nazzam na Basra ya tafi har ga cewa dukkan jikkuna motsi suke yi, abin da muke kira tsayuwa ma wani nau'in dogarawa ne. Ba sai mun bi Nazzam ba kafin mu ga inda hujjar Sanusi ta kai mu. In tsayuwa ba zatin wani abin halitta ba ce, to ba zatin zuciyar mutum ba ce. Wanda ba ya sauyawa Shi kaɗai ne, Mabuwayi. Idan na ce wane ba zai taɓa canzawa ba har abada, na ba bawa sifar da ba ta bayi ba ce, kuma na yi iƙirarin sanin gaibu.

Abu na biyu ya fi taɓa mini zuciya. A 1970 Gyan Johari da Martin Goldstein suka nuna cewa a cikin gilashi, bayan babban motsi ya tsaya, akwai ƙananan motsi da ba su tsaya ba. Ana jin su ta hanyar sa wa abin wutar lantarki mai kaɗawa, daga mai saurin gaske zuwa mai jinkirin gaske, a ga a wane kaɗawa ƙwayoyin ke amsawa. A kiristal mai gudana abin ya fi fitowa fili. Ƙwayar tana iya mulmulawa a kan tsawonta cikin sauƙi, tana iya rangaji kaɗan, amma ta wuntsila kai ya koma ƙafa, wannan sai maƙwabta sun ba da hanya, kuma shi ne ya fi jinkiri. Gilashi kuma yana tsufa. In aka ajiye shi ba nesa da zafin da ya daskare ba, yakan yi ta tsukewa a hankali, yana neman zaman da aka hana shi.

Ina da baffa, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yanke magana da mahaifina saboda rabon wata gona ta gado. Na tashi na tarar ba sa gaisawa, na yi aure ba sa gaisawa. Duk dangi sun haƙura, suna cewa halinsa ne. Amma mu yara mun san wasu abubuwa da manya ba su lissafa ba. In ya gamu da ɗayanmu a kasuwa sai ya sayi ƙosai ya miƙa, fuskarsa a ɗaure, ya ce, "Mutanen gidan suna lafiya?" Ba ya ambatar sunan kowa. In kaka ta yi, damin gero kan iso gidanmu ta hannun wani almajiri da aka hana faɗin wanda ya aiko shi. A masallacin Juma'a, wurin zamansa ya riƙa matsowa shekara bayan shekara. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da mahaifina, sai ga shi ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma, ya kama hannunsa ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Mutane suka ce abin mamaki, dare ɗaya Allah Ya juya shi. Allah ne Ya juya shi, babu shakka, amma ba a dare ɗaya ba. Ƙananan motsin ba su taɓa tsayawa ba. Babban ne ya jira ranarsa.

Sai dai gaskiya ta hana ni tsayawa a nan, domin ilimin nan yana da wani gefe mai ɗaci. An daɗe ana cewa tagogin tsofaffin majami'un Turai sun fi kauri daga ƙasa saboda gilashin yana kwarara. Edgar Zanotto na Birazil ya yi lissafin a 1998, ya nuna cewa a zafin ɗaki gilashin taga zai buƙaci lokacin da ya zarce shekarun sammai da ƙasa nesa ba kusa ba kafin a ga kwararsa. Kaurin daga yadda aka ƙera gilashin ne. Ke nan akwai daskarewar da jira kawai ba ya warware ta. Na san mutanen da suka shiga kabari da gabar da suka ƙulla tun suna samari, kowa kuma ya san irinsu. Mai cewa a bar shi, lokaci zai gyara shi, yana iya zama yana yaudarar kansa kamar mai cewa ba zai taɓa gyaruwa ba. Abin da ke sauya lissafin shi ne zafi. Masu ƙera duwatsun wuya da awarwaro na unguwar Masaga a Bida sun san wannan da hannunsu: kwalbar da za ta shekara dubu a yadda take, in ta shiga murhu sai ta yi laushi sannu a hankali har ta naɗu a jikin ƙarfe. Kusa da iyakar ruwa da gilashi, ƙarin zafi kan mayar da aikin shekaru ya koma na daƙiƙoƙi. Zuciya ma tana da abin da ke ɗumama ta: jinya, mutuwar makusanci, azumi na gaskiya, tsayuwar Arfa, alherin da ya zo daga wanda aka zalunta.

A nan ne maganar ta juyo kanmu. Na ce a dab da daskarewa ƙwaya ba ta iya gyara zama ita kaɗai, sai na kewaye da ita sun ja. To su wane ne ke kewaye da mutumin da muka yanke wa hukunci? Mu ne. Saurayin da ya taɓa sata yana ɗan shekara sha biyar, har ya yi furfura sunansa a unguwa ɓarawo. Matar da aurenta ya mutu sau biyu, kowa ya gama karanta ta. Wanda ya bar shaye-shaye ya dawo masallaci, sai a riƙa matsar da takalmi daga kusa da shi. Mun tsaya a kansa ta kowace kusurwa, sannan mun kafa hujja da rashin motsinsa. Sau da yawa taurin da muke zarginsa da shi, rabinsa namu ne.

Abu na uku shi ne gilashi yana riƙe tarihinsa. Akwai wani magani mai suna itraconazole da likitoci ke bayarwa ga cututtuka irin su makero da ruɓewar farce. In aka narkar da shi aka bar shi yana hucewa, yakan zama nematik a wajen digiri 90, ya zama simektik a wajen 74, ya daskare ya zama gilashi a ƙasa da 60 kaɗan. A 2018, masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, cikinsu har da Lian Yu da Mark Ediger, suka nuna cewa saurin sanyayawa shi ke yanke yawan tsarin da zai tsira a cikin gilashin. In an bi a hankali, ƙwayoyin kan samu damar wuntsilawa su jeru layi-layi kafin su tsaya. In an gaggauta sosai, layukan ba sa samuwa ko kaɗan. Sinadari ɗaya, zafi ɗaya a ƙarshe, amma gilasai biyu mabambanta, kuma bambancin duka daga hanyar da aka biyo ne.

Wannan ya sauya yadda nake kallon mai taurin hali. Kafin in ce haka Allah Ya yi shi, ya kamata in tambayi yadda ya huce. Yaron da maraici ya faɗo masa yana ɗan shekara bakwai, yarinyar da aka ɗora wa nauyin gida tun ba ta gama wasan 'yar tsana ba, mutanen da aka kora daga ƙauyensu cikin dare: waɗannan sanyi ya riske su farat ɗaya, suka tsaya a yanayin da tsoro ya same su. Abin da muke gani a jikinsu ba shi ne asalinsu ba, kuma ba shi ne inda za su huta ba da an ba su sarari. Wannan ba ya wanke kowa daga alhakin aikinsa. Amma yana hana ni girman kai, domin sassaucin da nake taƙama da shi wataƙila ba komai ba ne illa ni an bar ni na huce a hankali, a gidan da akwai abinci da uwa da uba.

Na san kwatancen yana da iyaka. Ƙwayar sinadari ba ta da niyya, ba ta nadama, ba ta ɗaga hannu ta roƙi komai. Mutum yana da zaɓi, kuma yana da Ubangijin da zukata ke hannunSa, wanda ba Ya buƙatar murhu ko shekaru in Ya nufi juya bawa. Shi ya sa nake ganin labarin da ya zo a Buhari da Muslim ya tattara abin da nake nufi fiye da kowane gwaji. Mutum ya kashe rai casa'in da tara, ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba. Mai ibadar ya yanke masa ƙauna, sai ya cika ɗari da shi. Da ya samu malami, malamin bai rufe masa ƙofa ba, kuma bai tsaya ga ba shi fata kawai ba. Ya umarce shi ya bar garinsu ya koma wani gari na mutanen kirki, wato ya sauya maƙwabta. Mutuwa ta riske shi a hanya bai isa ba, bai yi sallah ko ɗaya a sabon garin ba. Abin da ya cece shi, bayan rahamar Allah, shi ne inda ya dosa a lokacin da motsi ya ƙare masa.

Saboda haka na ɗora wa kaina wajibi biyu. Game da wani: kada in zama mai ibadar nan. Ban san tsawon lokacin da zuciyarsa ke buƙata ba, ban ga ƙananan motsin da ke gudana a cikinta ba, kuma kwanakin da na yi ina kallonsa ba su isa ma'auni ba. Aikina in matsa masa wuri, in kira shi da sunansa na yanka ba da sunan laifinsa ba, in ci gaba da nasiha ko da ba ni zan ga faɗowar ɗigon ba. Game da kaina kuwa: kada in dogara da cewa gobe ma zan iya juyawa. Kowace shekara juyawar na ƙara nauyi, al'ada na ƙara cunkushe ni, kuma ba a sanar da kowa ranar da zai tsaya. Ba a nemi in kai ga kammala ba, domin babu bawan da ke kaiwa. An nemi in gyara inda na fuskanta yau, tun ina da ikon yi. Allah Ya sa mu dace, Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, mu cika da imani.